Majalisa Ta Janye Hutun, Mu Ma Mu Janye?

Filin Gwaggo Talatu

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu daga 'yan uwanmu masu ƙananan sana'o'i a Amurka. Kamar yadda aka saba, an sakaya sunaye.

*

Assalamu alaikum Gwaggo. Da fatan kina lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu.

Ni da maigidana muna da gidan abinci haɗe da ɗan kanti a birnin Sent Luwis na jihar Misuri. Muna sayar da tuwo, dafa-duka, tsire da kayan miya irin na gida. Ma'aikatanmu shida, ban da mu biyu. A watan Mayun 2025 akantanmu ya ce dokar da mutanen jiha suka kaɗa wa ƙuri'a ta fara aiki: duk awa 30 da ma'aikaci ya yi, a rubuta masa awa ɗaya ta hutun jinya, in ya ɗauka kuma a biya shi. Ni da hannuna na rubuta sanarwa na manna a bangon kicin, na tara su na yi musu bayani, har suna ta sa mana albarka. Ko wata huɗu ba a yi ba sai ga akanta ya sake kira, wai majalisa ta soke dokar.

Tun daga ranar Alhaji ya ce a cire takardar. Ya ce dama ba don Allah muka yi ba, tilas ce ta sa mu, tunda tilas ta kau magana ta ƙare. Ga mafi ƙarancin albashi ya hau dala 15, ga haya ta hau, ga nama ya hau. Ni kuma na ƙi cirewa. Akwai wata baiwar Allah da take mana girki, ɗanta yana da ciwon sikila, in ciwon ya tashi sai su kwana biyu a asibiti. Ita take buɗe kicin tun kafin gari ya waye. Kwanan baya ita kanta ta zo aiki jikinta zafi rau, na ce ta koma gida, ta ce mini, "Hajiya, in na koma wa zai biya mini kuɗin wuta?"

Yanzu mun kai matsayin da in aka zo maganar kanti sai Alhaji ya tashi ya bar mini ɗakin. Yana cewa na fi tausayin bare a kan 'ya'yana. Gwaggo, ni ce ba ni da gaskiya? In doka ta janye, dole mu ma mu janye?

Maman Ilham, Sent Luwis

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya sanyaya muku gida.

Bari in fara ba Alhaji gaskiyarsa, don yana da ita, kuma in ba ki amsa masa ita da bakinki ba, ba zai saurari taki ba. Babu hukumar da za ta ci ku tara yau don kun daina rubuta awannin jinya. A zaɓen Nuwamban 2024 mutanen Misuri sun amince da ƙudurin da ake kira Proposition A da kusan kashi 58 cikin ɗari. Ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 12.30 zuwa 13.75 a Janairun 2025, sannan 15 a Janairun 2026. Ya kuma kawo hutun da kika manna a bango: ma'aikacin wurin da ba su kai mutum 15 ba yana iya cin awa 40 a shekara, na wurin da suka kai yana iya cin 56. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka garzaya kotun ƙolin jiha, a ƙarshen Afrilun 2025 kotu ta ce ƙuri'a ta zauna. Ranar 1 ga Mayu hutu ya fara. Kafin watan ya ƙare majalisa a Jafason Siti ta zartar da dokar soke shi, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu a Yuli, ta fara aiki ranar 28 ga Agusta. Dala 15 ta tsira, amma an zare sharaɗin da ya ce daga baya albashin zai riƙa hawa da kansa gwargwadon tsadar rayuwa.

Za ki ce, ta yaya 'yan majalisa da ba su kai ɗari biyu ba za su warware abin da fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka ƙulla? Sirrin yana ga ƙofar da ƙudurin ya shigo. A Misuri talakawa suna iya tara sa hannu su kai magana gaban masu zaɓe ta hanya biyu: ko a matsayin doka gama-gari, ko a matsayin gyaran kundin tsarin mulkin jiha. Ta farkon ta fi sauƙin tarawa, sa hannun kashi 5 cikin ɗari ake nema a shida daga cikin mazaɓu takwas na jihar, ta biyun kashi 8. Amma doka gama-gari, ko talakawa ne suka rubuta ta, majalisa tana iya gyara ta da ƙaramin rinjaye kamar kowace doka. Dubi Filorida: a 2020 sun shigar da nasu ƙarin albashin cikin kundin tsarin mulki da ƙuri'a sama da kashi 60, shi ya sa duk 30 ga Satumba dala ɗaya take ƙaruwa har ta kai 15 a 2026, kuma babu ɗan majalisar da ya isa ya taɓa ta. A Arizona tun 1998 sai da kashi uku cikin huɗu na majalisa ake iya gyara abin da masu zaɓe suka zartar, shi ma sai in gyaran ƙarfafa manufar zai yi. Nebaraska kuwa irin taku ce da ɗan bambanci: masu zaɓe sun amince da hutun jinya a 2024, kafin ya fara aiki majalisa ta fitar da wuraren da ma'aikatansu ba su wuce goma ba.

Birninku ma ba yau ya fara ganin irin wannan ba. A Mayun 2017 Sent Luwis ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 10. Majalisar jiha ta yi dokar da ta hana birane yin nasu, ranar 28 ga Agustan shekarar albashi ya koma dala 7.70. Wasu masu shaguna suka rage, wasu da dama suka fito suka ce abin da suka ba ma'aikaci ba za su karɓe ba. Shekara ɗaya bayan haka masu zaɓen jihar gaba ɗaya suka amince a kai shi dala 12 a hankali. Waɗanda suka rage sai suka dawo suna ƙarawa, amma ma'aikatansu ba su manta da watannin tsakani ba.

Na daɗe a kan tarihin ne don ki gane cewa dokar nan ba ta zama wuri ɗaya. Waɗanda suka bi gida-gida suna tara sa hannu a 2024 ba su bar jihar ba, ƙofar ƙuri'a kuma tana nan a buɗe. Kicin mai mutum shida ba zai iya sake fasalin zamansa duk lokacin da majalisa ta zauna ba. Dole ku sami tsarinku na kanku, wanda doka in ta zo ta same shi, in ta tafi ta bar shi.

To nawa ne kuɗin da ake wannan faɗan a kai? Ɗauko biro. Awa 40 sau dala 15, dala 600 ke nan. Ɗora kason mai ɗaukar aiki na harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kashi 7.65 cikin ɗari, ya zama kusan dala 646 a kan kowane mutum. Sau shida, dala 3,875 da 'yan kai a shekara, shi ma in kowa ya cinye awanninsa tas, wanda ba kasafai ake yi ba. Raba shi gida 52, bai kai dala 75 a mako ba. Ban ce ba kuɗi ba ne. A gidan abinci, inda ribar faranti ba ta taka kara ta karya ba, dala 75 tana iya zama kuɗin gas. Amma ki sa ta kusa da ƙarin albashin da ya riga ya hau kanku. Daga 12.30 zuwa 15 dala 2.70 ce a kowace awa, ga mai awa 40 a mako ya haura dala 5,600 a shekara, mutum ɗaya. Nan ne inda takalmin yake matse wa Alhaji, kuma wannan ba shi da ikon taɓawa, tunda akanta ya ce dokar ta hau kanku, alamar cinikinku na shekara ya haura dala 500,000 da jihar ta sa a matsayin iyaka ga kantuna da masu hidima. Sai ya huce a kan abin da yake da iko da shi. Haushin kaza huce kan dami.

Ga hukuncina. Awannin da suka riga suka tara tsakanin 1 ga Mayu da ƙarshen Agusta, kada ku taɓa su. Mai cikakken aiki ya tara wajen awa 22 a wannan tsakanin, ƙasa da kwana uku. Da guminsu suka tara, a ƙarƙashin alkawarin da kika rubuta da hannunki kika karanta musu. Ko ta fuskar doka ma, takardar da mai wuri ya rubuta wa ma'aikata ba a share ta da ka, sai an nuna wa lauya. Ta fuskar amana kuwa ba sai an tambayi kowa ba.

Na gaba kuma ku zauna ku biyu ku yanka abin da za ku iya ɗauka. In 40 ta yi nauyi, ku sa 24, kwana uku ke nan, ku rubuta cewa za a sake dubawa ƙarshen shekara. Ki tabbata an rubuta cewa ana iya cin hutun don jinyar ɗa ko mahaifi, don nan ne mai girkinku take. Dokar tarayya da take kare gurbin aikin mai jinyar iyali sai wurin da yake da mutum 50 take hawa, kuma ita ma ba biya a cikinta. Wato in kun cire takardar nan, matar nan ba ta da komai a hannu sai tausayinki, tausayi kuwa ba ya shiga lissafin wanda zai biya haya ranar ɗaya ga wata. Kuma tsarin ya zama na su shida ne, ba nata ita kaɗai ba. In kina zagayawa kina danƙa mata a ɓoye, ranar da sauran suka ji, za ki ga fuskar da ba ki taɓa gani ba.

Akwai kuma hujjar da ta fi tausayi shiga kunnen ɗan kasuwa. Ƙa'idar jami'an tsafta ita ce mai amai ko gudawa ba ya taɓa abincin mutane. Ma'aikacin da ya san za a yanke masa kuɗi ba zai faɗa muku cikinsa ya ɓaci ba, zai ɗaura gyale ya shiga kicin. Iyali ɗaya su ci su kwanta, su rubuta a intanet, asarar makon ta wuce kuɗin hutun shekara.

Ke ma kina da naki, 'yata. Takardar nan ta bango ta zama tuta a tsakaninku, kullum ya shiga kicin sai ya gan ta tana gaya masa bai isa ba, a gaban yaransa. Ba na jin kuɗin ne kaɗai suke tashe shi daga ɗaki. Cire ta da kanki, dama tana ambaton dokar da ba ta nan. Ki ce masa, "Alhaji, na cire. Ga lissafi, ka duba ka gaya mini abin da za mu iya." Ki bar lambar ta fito daga bakinsa, sabuwar sanarwar kuma ta fita da sa hannunsa, shi ya tara su ya faɗa. Maganarsa ta cewa ba don Allah kuka fara ba, kada ki yi masa gardama a kai. Gaskiya ce. Sai ki ce masa ai yanzu da babu tilas ne za a iya yi don Allah.

*

Gwaggo, barka da aiki. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, yanzu ina unguwar Buronks a birnin Niyok. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni, a gidansa nake kwana. Yana da kantin kayan abinci, yana kuma tura wa mutane ganguna zuwa gida. Da ya ga na yi karatun lissafi sai ya danƙa mini littafi, ya sa sunana a asusun banki, ni nake sa hannu a cak.

Ma'aikata huɗu ne. Biyu ana ba su kuɗi a hannu duk Juma'a, dala 12 a awa. Biyu ana ba su takardar 1099 ƙarshen shekara, wai 'yan kwangila ne, alhali Kawu ne yake sa musu lokacin zuwa da na tashi. A watan jiya ɗaya ya ɗaga ganga bayansa ya riƙe, Kawu ya ba shi dala 300 ya ce ya je ya sha magani. Da na ɗan taɓo maganar haraji sai ya ce mini jihar nan so take ta cinye shi da rai, kullum sabuwar doka, kuma ba a kawo ni Amurka don in koya masa kasuwa ba. Ina tsoron in yi shiru, ina kuma kunyar in yi magana. Yaya zan yi?

Ɗanki, M., Buronks

Ɗana, kunyarka tana da kyau, amma a nan za ta iya jefa ka rami, don ba Kawu kaɗai yake cikin hatsari ba. Hukumar harajin tarayya tana ɗaukar kuɗin da ya kamata a cire daga albashin ma'aikaci a matsayin amanar gwamnati a hannun mai wuri. In ba a cire ba ko ba a miƙa ba, tana iya bin duk wanda yake da ikon biya kuma ya san ba a biya ba, ta karɓi kuɗin daga aljihunsa. Mai riƙe littafi da sa hannu a cak yana cikin waɗanda ake dubawa. Ka sani, kana kuma sa hannu. Wannan shi ne na farko.

Maganar Kawu cewa dokoki sun yi yawa tana da ƙamshin gaskiya. A Niyok talakawa ba sa rubuta dokar jiha su kai ta akwatin zaɓe kamar Misuri, komai daga majalisa a Olbani yake fitowa, sau da yawa a cikin kasafin kuɗin shekara, inda mai kanti ba zai ji ba sai ta iso. A kasafin 2023 aka tsara hawan albashin birninku: dala 16 a 2024, 16.50 a 2025, 17 a 2026. Bashin da jihar ta ci daga tarayya lokacin korona don biyan waɗanda suka rasa aiki ma masu ɗaukar ma'aikata ne suka yi shekaru suna biyan ƙarin haraji a kansa, har sai da jihar ta biya shi a 2025. Wanda yake bin doka yana da dalilin ƙorafi. Amma Kawu ba ya cikin masu biyan, to ba shi ne zai yi kukan ba.

Ka zauna ka fitar masa da lambobi biyu. Ta farko, kuɗin bin doka. Mai awa 40 a dala 17 yana cin dala 680 a mako. Kason mai wuri na kashi 7.65 ya kama dala 52. Harajin rashin aiki na tarayya, in jiha ba ta da bashi, dala 42 ce a shekara a kan kowane ma'aikaci. Sai na jiha, wanda yake hawa ko sauka gwargwadon yawan waɗanda wurin ya sallama, sai inshorar raunin wurin aiki, sai ta rashin lafiya. Ka kuma lura da ƙidaya: a Niyok wurin da yake da ma'aikaci biyar zuwa sama dole ya ba da awa 40 na jinya da biya. Ka ce huɗu ne, amma in ana ba ka wani abu a kan aikin da kake yi, kai ne na biyar.

Ta biyu, kuɗin ƙin bi. Tsakanin 12 da 17 dala biyar ce a awa, dala 10,400 a shekara a kan mutum ɗaya. Ko lokacin da albashin yake dala 15, tun ƙarshen 2019 ga ƙananan wurare, biyan 12 saɓa doka ne. Ma'aikaci a Niyok yana iya komawa baya shekara shida ya nemi haƙƙinsa, kotu kuma tana iya ninka masa. Takardun zamansa ko rashinsu ba sa hana shi, in Kawu da wannan yake kwantar da hankalinsa. Rashin inshorar rauni kuwa tararsa tana kaiwa dala 2,000 a kan kowane kwana goma, ban da kuɗin asibitin mai ciwon baya, wanda dala 300 ba ta rufe ba. Tun 2023 ma jihar ta sa danne albashi cikin laifuffukan sata. Takardar 1099 ba ta mai da yaron kanti ɗan kwangila. Abin da ake dubawa shi ne wa yake sa lokaci, wa yake ba da umarni, kayan aikin na wane ne.

Kada ka kai masa wannan kai kaɗai, kuma kada ka kai a kanti. A bakin ɗan 'yar uwa zai ji shi kamar raini. Nemi dattijon da Kawu yake jin nauyinsa, limaminku ko wani babban ɗan kasuwa da ya riga ya gyara nasa littafin, ka nuna masa lambobin, shi ya kira Kawu. A haɗa shi da akanta da lauyan ƙwadago, su tsara yadda za a shigar da ma'aikatan littafi a kuma biya na baya, don wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kamo. Mai ciwon bayan nan a kai shi likita yanzu, kada a jira zaman dattawa. Kai kuma ka gaya wa Kawu cikin ladabi cewa har a gyara, a cire sunanka daga asusun, za ka ci gaba da duk wani aikin da ya sa ka. In ya yi fushi, ka kira mahaifiyarka ka yi mata bayani kafin ya riga ka.

*

Salam Gwaggo. Ina da ƙaramin kamfanin share-share a Siyatil, jihar Washinton, da ma'aikata tara. Katin zama na dindindin gare ni, matata ce ta zama 'yar ƙasa. Kullum a ƙofar babban kanti sai na tarar da masu allo suna neman sa hannu a kan wani ƙuduri na haraji. Wani abokina ya ce in sa kawai, ai ba zaɓe ba ne, kuma ni ma ina biyan haraji. Gaskiya harajin jihar nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. In sa?

Abu Sadik, Siyatil

Kada ka sa. Takardar nan ta masu rajistar zaɓe ce kaɗai, kuma a jiharku an buga gargaɗi a jikinta cewa wanda ya sa hannu alhali ba mai zaɓe ba ne yana iya fuskantar tara ko ɗauri. Mafi muni, duk abin da zai nuna ka yi da'awar zama ɗan ƙasa alhali ba ka zama ba yana iya rushe maka neman takardar ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. Fom ɗin neman da kansa yana tambaya ko ka taɓa yin rajista ko zaɓe. Mai allon nan sau da yawa biyansa ake yi ya tara hannaye, ba shi ne zai tsaya maka gaban jami'in shige da fice ba, abokinka ma haka.

Na san abin da yake cinka. Washinton ba ta karɓar harajin albashi daga mutane, sai ta ɗora wa kasuwanci haraji a kan jimillar ciniki, ko an ci riba ko ba a ci ba. Amma ka duba ko ba ka biyan abin da ba naka ba. A asusun hutun jinya da haihuwa na jihar, wurin da ba su kai mutum 50 ba ba dole ne ya biya kason mai wuri ba, nasa shi ne ya cire na ma'aikata ya miƙa. Kashi 0.58 na asusun kula da tsofaffi da aka fara cirewa a Yulin 2023 shi ma daga albashin ma'aikaci yake fita. An kai ƙudurin mai da shi na ganin dama gaban masu zaɓe a 2024, suka ƙi. Ka sa akantanka ya nuna maka layi-layi wanne ne naka, wanne ne kake riƙe wa wasu.

Rashin ƙuri'a kuma bai rufe maka baki ba. Majalisar jiharku a Olimpiya tana karɓar bahasin duk mazaunin jiha a zaman kwamitoci, a rubuce ko ta bidiyo daga ofishinka, kuma mai kamfani da ya zo da lissafin mutum tara ya fi mai dogon jawabi tasiri. Ka shiga ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarku, su ne suke jin doka tun tana jaririya. Ita kuwa uwargida, kafin ta sa hannu ko ta kaɗa, ku karanta ainihin ƙudurin tare, ba abin da mai allo ya faɗa ba. Ku nemo daga ma'aikaci nawa yake fara hawa, wace rana zai fara aiki, daga aljihun wa kuɗin zai fita, da kuma su wa suka zuba kuɗin yaƙin neman amincewa da shi. Jiha tana aiko wa kowane gida ɗan littafin zaɓe da hujjojin ɓangarorin biyu da ƙiyasin kuɗi kafin Nuwamba, sunayen masu ba da gudunmawa kuma suna shafin hukumar bayyana kuɗin kamfe ta jihar.